Rigar Da Ba Ni Aka Auna Ba

Hoton nan da ke rataye a falo, wanda nake tsaye cikin ƙanƙara sanye da rigar ulu, tun kuna ƙanana kuke yi masa dariya. Ladi ce ta fara lura cewa hannun rigar ya haɗiye mini yatsu, daga nan ya zama abin tsokana a gidan nan duk ranar Kirsimeti. Amsar da na saba ba ku ita ce mutanen ƙasar sanyi dogaye ne, ba sa yin kaya daidai da gajeren mutum irina. To, ƙarya nake yi muku. Yanzu da kawunku Yohanna ya kwanta dama, alkawarin shirun da ya sa na ɗauka ya ƙare, ni ma kuma ba yaro ba ne. Gara ku ji daga bakina, ku ji shi daidai, tun ina da sauran hankalin da zan jera maganar.

Kun san Yohanna a matsayin yayan mahaifiyarku, tsoho mai yawan shiru wanda ya ƙare aikinsa a wata masana'anta a Kudenda. Ni na san shi tun kafin in san Rifkatu. Tare muka shiga aikin sojan sama, tare aka aske mana kai, tare muka sami igiyar saje. Shi ya kai ni gidansu har na ga ƙanwarsa na ce ina so. Da gidajen bariki suka yi mana kaɗan, sai muka kama haya a gida guda a Barnawa, shi da iyalinsa a ɗakunan gaba, ni da Rifkatu a na baya, kakarku Mama Saratu kuma a tsakiya tana mulkin kowa daga kan tabarmarta. Yohanna yana da babur, ni ba ni da ko keke. Kowace safiya shi ke goya ni, mu haye gadar kogin Kaduna mu nufi wurin aiki, da yamma ya dawo da ni har ƙofar gida. Shekara da shekaru bayan wuyansa nake kallo, kuma ban taɓa jin ya yi mini gori ba. Da ya yi, da na sami abin riƙewa.

A wurin aikinmu an raba jirgin yaƙi kamar yadda mahauta ke raba sa. Akwai 'yan inji, akwai 'yan jiki. Injin da bututun bayansa, wanda muke kira nozul, na 'yan inji ne, kuma Yohanna ne gwaninsu. Fiffike da ƙafafu da fenti da bakin da iska ke shiga, namu ne 'yan jiki. Jiragen da aka kawo mana a lokacin bakinsu a hanci yake, daga nan wani dogon maƙogwaro ya ratsa cikin jirgin har ya kai fuskar injin. Kafin jirgi ya tashi dole wani ya rarrafa cikin maƙogwaron nan da tocila ya tabbatar babu tsakuwa, babu ƙusa, babu sheƙar tsuntsu, domin ko maɓallin riga injin ya haɗiya, ya gama yawo. Akwai rigar musamman ta shiga, marar aljihu, marar maɓalli, kuma sai ka cire agogo da zobe ka ajiye a waje. Da yake ni ne mafi ƙanƙantar jiki, aikin ya zama nawa. 'Yan inji suka daina kirana Bulus, suka raɗa mini suna Gafiya, sunan ya bi ni har gida.

Mama ba ta da mugunta, amma bakinta ba ya da birki. In baƙi suka zo daga ƙauye sai ta nuna ɗakin gaba ta ce nan injiniya yake, mai hura wa jirgi wuta. Sa'an nan ta nuna namu ta ce nan kuma mijin Rifkatu ne, shi ke share wa jirgin baki. Sai a yi dariya, ni ma in taya su. Wata Lahadi bayan an taso daga coci ta sake faɗa a gaban matan zumunta, Yohanna yana tsakar gida yana wanke babur da tiyo. Sai ya ce Mama ta daina faɗin haka, ba ta san abin da take renawa ba. Ya ɗaga tiyon, ruwa yana zuba a hankali kusa da ƙafarsa, ya danne bakinsa da babban yatsa, ruwan ya yi tsartuwa har jikin katanga.

"Kin ga wannan, Mama? Shi ne aikina. Injin yana matse iska, ya ƙona mai a cikinta, ta yi zafi ta kumbura tana neman hanya. Ni kuma in tsuke mata ƙofar fita daidai gwargwado, ta fita da gudu ta baya, jirgi ya yi gaba. In na buɗe da yawa ƙarfin ya zube banza, in na tsuke da yawa injin ya shaƙe. Amma ruwan da ke cikin tiyon, Bulus ne ke kawo shi."

Mama ta ce ai iska ta Allah ce, ba ta ga abin kawowa ba. Yohanna ya yi mata bayani a tsanake, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Ya ce in jirgi yana gudu, iskar da ke faɗo masa a baki ta fi ƙarfin injin, ba zai iya haɗiyarta a haka ba. Shi ya sa aka yi maƙogwaron yana ƙara faɗi daga ciki, don iskar ta rage gudu ta cunkushe, kamar jama'ar da suka rugo suka cika ɗaki kowa yana tokarar bango. Wannan tokarar, in ji shi, gaba take tura jirgin, kuma tun kafin injin ya taɓa iskar an riga an yi masa wani ɓangare na aikinsa. Ya ce in jirgi ya kai ƙarshen gudunsa, rabon da baki ke bayarwa a turawar ba ƙarami ba ne, 'yan inji ne kawai ba sa son a faɗa.

"Kenan gafiyar ma tana da amfani," in ji Mama.

Matan suka yi dariya, aka wuce wurin. Kuna tsammani na ji daɗi? Wallahi ranar ban ci abincin rana ba. Shekara nawa ina rarrafe cikin ramin nan, gwiwoyina duk kanta, ban taɓa sanin darajar abin da nake yi ba sai da na ji ta a bakinsa. Ko mutuncina ma shi ya ara mini. Abin da ke cina ke nan game da Yohanna. Ya fi ni tsawo, ya fi ni karatu, ya fi ni murya a ƙungiyar mawaƙan coci, sa'an nan ya ƙara da fin ni hali. Mutumin da ya fi ka yana taƙama, kana iya ƙinsa hankali kwance. Wanda ya fi ka kuma yana kare ka a gaban uwarsa, ba ka da inda za ka kai ƙara, sai dai ka yi ta haɗiyar abin yana ruɓewa a ciki. Hassada ce, ba ni da wani suna mai kyau da zan ba ta.

A shekarar da sojoji suka fara mayar da mulki ga farar hula, aka ce za a tura saje guda daga sashenmu ƙasar waje, kwas na shekara ɗaya, wanda in ya dawo shi zai shugabanci duk masu gyaran jirgi, 'yan inji da 'yan jiki baki ɗaya. Aka yi mana jarrabawa. Yohanna ya zo na ɗaya, na zo na biyu. Na biyu a irin wannan wuri daidai yake da na ƙarshe, sai dai shi na ƙarshe yana barcinsa lafiya. Mama ta sayo ulu ruwan toka a kasuwa, ta auna kafaɗar ɗanta da hannunsa da igiya, ta zauna saƙa. Duk yammar da na dawo sai na wuce ta gabanta, in ga rigar tana ƙara tsawo a cinyarta. Rifkatu tana ɗauke da cikin Ladi a lokacin, tana ta murnar yayanta, tana tambayata ko na ga irin sa'ar da gidansu ya yi. Nakan ce na gani.

Garin kuwa duk ya ɗauki zancen siyasa. A gindin kowace bishiya ana gardamar jam'iyyu, masu aikin masaƙa suna cewa yanzu za a ji kukansu, mu kuma masu kaki ana yi mana kallon baƙon da ya daɗe bai tafi ba. Manyanmu suka ƙudura cewa in za a sauka, a sauka da kwalliya. Aka ce jiragenmu za su yi shawagi a sama ranar bikin miƙa mulki, aka kuma ba da umarni a yi musu sabon fenti, su yi ƙyalli. Lokaci ya ƙure, muka yi ta feshi ba hutu. A nan ne zan gaya muku wani ƙaramin abu da ba kowa ya sani ba. A gefen jirgin, kusa da gindin fiffike, akwai wasu 'yan ƙofofi biyu da ba su fi faifai ba. Lokacin da jirgi zai tashi bai riga ya yi gudu ba, iskar da ke shiga ta hanci ba ta isar injin, sai zuƙar injin ta janyo ƙofofin nan ciki su buɗe da kansu, ƙarin iska ta shiga. In ya yi gudu sai su koma su rufe. Ƙa'idar aikina ita ce kafin kowane tashi in tura kowacce da tafin hannu in ji tana motsi.

Safiyar gwajin farko fentin jirgi na uku bai gama bushewa ba. Hafsan da ke kanmu ya zagaya shi yana shaƙar ƙamshi kamar wanda aka kawo wa amarya, ya juyo ya ce in ya ga shaidar yatsa ko ɗaya a jikin jirgin nan, mai yatsan zai kwana a gadurum, kurkukun bariki. Na shiga maƙogwaro na fito, na duba ƙafafu, na zo kan 'yan ƙofofin na ɗaga hannu, na tuna maganar Oga, na sauke. Na sa hannu a takarda cewa komai lafiya. Yohanna ma ya sa nasa, domin a makon nan ya canza wani ƙarfe a nozul ɗin jirgin, ya sake daidaita buɗewarsa.

Jirgi na ɗaya ya tashi, na biyu ya bi shi. Na uku ya kama titi yana ruri, amma tun daga inda muke tsaye kunnenmu ya gaya mana rurin bai cika ba. Ya ci rabin titi bai ɗaga hanci ba, sai muka ji ya yi tari sau biyu kamar an buga ganga, wuta ta yi tsalle ta baya. Matuƙin ya yi hankali, ya kashe wuta ya taka birki ya saki laimar baya mai rage wa jirgi gudu, duk da haka sai da jirgin ya zarce ƙarshen titi ya shiga ciyawa ya tsaya. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji rauni. Matuƙin ya sauko yana cewa injin ba shi da ƙarfi, kamar an riƙe shi ta baya. Kafin a janyo jirgin zuwa rumfa, kowa ya riga ya juya yana kallon Yohanna.

Da yake jirgin ya shiga ciyawa, aka ce Gafiya ya shiga ya duba ko ya haɗiyi wani abu. Na sa rigata marar aljihu na rarrafa. Na san ramin nan fiye da ɗakin kwanana, na kuma san cewa in na kai tsakiya nakan ga siririn haske yana zagaye 'yan ƙofofin nan daga waje. Ranar babu haske. Na kai hannu na ja ta dama, ko gezau. Na ja ta hagu, haka. Fenti ya kwarara cikin tsagar ya bushe, ya liƙe su kamar ba a taɓa yanka ƙofa a wurin ba. Na kwanta rub da ciki a cikin duhun nan, ƙarfen yana da ɗumi, na fahimci komai sarai. Injin ya nemi iska bai samu ba, ya shaƙe, ya yi tari. Nozul ɗin Yohanna ba shi da abin da zai tsuke, tiyo ne ba ruwa. Shi da kansa ya koya mini wannan a tsakar gida. Na ja da baya na fito, hafsan yana tsaye yana jira.

"Saje, me ka gani?"

"Babu komai a ciki, sa."

Ba ƙarya na yi ba, kuma ita ce ƙarya mafi girma da na taɓa yi. Ina so in gaya muku tsoro ne ya sa ni, domin tsoro abu ne da ɗa zai iya yafe wa ubansa. Akwai tsoro kam, sa hannuna yana kan takarda. Amma ba shi ne ya riƙe mini harshe ba. Lokacin da na fito na hango Yohanna tsaye a bayan jirgin, hularsa a hannu, manya sun kewaye shi, a karo na farko a rayuwata na ga shi ne ake tuhuma. Wani sanyi ya ratsa mini zuciya, sanyin daɗi. Da aka tafi cin abincin rana rumfar ta zama ba kowa, na dawo da reza a cikin hulata, na bi tsagar ƙofofin na yanka fentin a hankali, na tura su suka motsa, na goge wurin da gefen rigata.

Sauran ya tafi da kansa, ban ƙara ko tsinke ba. Aka kafa kwamitin bincike. Suka auna buɗewar nozul suka ce ta ɗara abin da littafi ya faɗa da ɗan kaɗan. Yohanna ya ce ɗan kaɗan ɗin yana cikin abin da littafin ya yarda da shi, kuma ba zai hana jirgi tashi ba. Suka sa wani ya tsuke shi, aka ɗaure jirgin aka ba shi wuta, ya yi ruri lafiya lau, tun da yanzu yana samun iskarsa. Me kuma ake nema? An gyara nozul, ciwo ya warke, ashe nozul ne. Manya suna sauri su rufe maganar kafin farar hula su hau su fara tambaya. Ni ko kirana ba a yi ba sai sau ɗaya, na maimaita musu cewa ban ga komai a ciki ba.

Mako uku aka yi ana wannan, kuma duk mako ukun nan Yohanna bai fasa goya ni ba. Na lura in mun hau gada yakan rage gudu sosai, har masu keke su wuce mu. Na ɗauka tunani ne ya yi masa yawa. Nakan kalli ruwan kogin, damina ta cika shi ya yi ja, in ce a raina gobe zan faɗa. Gobe ta yi ta zuwa. A gida Mama ta daina saƙa, ta daina nuna wa baƙi ɗakin kowa. Rifkatu ta tsare ni wata yamma tana tankaɗe, ta ce ni da nake wurin, in gaya mata tsakanina da Allah ko Yaya zai iya irin wannan sakaci. Na ce mata ɗan Adam ajizi ne, kowa yana kuskure. Ta dube ni ta ce ba ta taɓa jin na yi maganar yayanta da taushin murya haka ba, ta ci gaba da tankaɗenta.

Hukunci ya fito bayan an yi bikin an gama, jiragen sun yi shawaginsu har da na ukun. Aka rage wa Yohanna igiya, aka cire sunansa daga kwas, aka sa na biyu. Ranar da takardar ta zo na shiga bayan gida na yi murmushi ni kaɗai, kada ku ce ban gaya muku ba. Ana jibi zan tafi, Yohanna ya shigo ɗakinmu da rigar ulun a hannu. Ashe shi ya lallashi Mama ta ƙarasa ta. Ya ajiye mini a kan gado ya ce an ce sanyin can ba ya wasa, in naɗe hannun in ya yi tsawo. Mama ba ta fito ba, ta ce kanta ke ciwo.

Na je, na yi karatu, na dawo da takardar da ke rataye kusa da hoton. A can ma wani malami ya zana mana jirgi a allo, ya nuna da kibiyoyi inda ake turawa gaba da inda ake ja baya, ya ce baki da nozul kamar miji da mata ne, in ɗaya ya gaza ɗayan ake zagi. 'Yan aji suka yi dariya, ni na sunkuyar da kai. Kafin in dawo Yohanna ya ajiye kaki. Ya sami aiki a Kudenda yana kula da tukunyar tururi da injinan iska na wata masana'anta, ya kwashe iyalinsa ya koma can kusa. Ni kuma na yi ta hawa, na gina gidan nan, na sa ku a makarantun da kuka yi. Hausawa suna cewa hassada ga mai rabo taki ce. Na daɗe ina jiran in ga takin ya yi wa Yohanna aiki, ko na sami sauƙi. Bai yi ba. Rabonsa ni na ci, shi kuwa ya tsufa da kunne ɗaya a toshe saboda ƙarar injina. Amma ku duba ikon Allah, ko a hakan in an yi rikici a dangi wurinsa ake zuwa, ba wurina ba, kuma hakan bai daina yi mini ciwo ba.

Abin da ya karya ni, kai ne Markus, ko da yake ba ka sani ba. Ranar bikin ƙanwarka kuka yi cacar baki da ɗan kawunka a kan wurin ajiye motoci, na ji da kunnena ka ce masa ai gadon sakaci ne, ubansa ma da sakaci aka kore shi daga soja. Ba kai ka ƙirƙiro maganar ba, a gidana ka tsince ta, domin ban taɓa faɗa ba amma ban taɓa hanawa ba. Bayan kwana biyu na shiga keke mai ƙafa uku na tafi Kudenda da la'asar. Na iske shi a ƙofar gida yana gyara wa wata maƙwabciya injin markaɗe. Na zauna a kan benci, na matsa kusa da kunnensa mai ji, na faɗa masa komai, tun daga fenti har reza. Bai ajiye sufanar da ke hannunsa ba har na gama.

"Na sani, Bulus. Washegari na zagaya jirgin na ga sawun reza a fentin. Kai kaɗai ke da hannun da zai yanka layi miƙaƙƙe haka."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa wa kwamiti. Ya ce kuskuren nozul igiya ɗaya yake ci, amma wanda ya sa hannu a kan abin da bai duba ba, ya kuma ɓoye shaida da reza, kurkuku zai tafi, ga Rifkatu da tsohon ciki. Ya ce ya auna duka biyun ya ga wanda gidan zai iya ɗauka.

"Amma na so ka faɗa mini ni kaɗai," in ji shi. "Shi ya sa nake rage gudu a kan gada. Na ce ko a nan, inda ba mai jin mu."

Sa'an nan ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya muku ba yana da rai, wai ba ya son 'ya'yan ƙanwarsa su riƙa sunkuyar da kai in sun gan shi. Ya koma kan injin markaɗensa, ya ce in riƙe masa bel ɗin injin. Na riƙe. Ya kamata in ce muku na yi kuka na sami salama, irin yadda ake ba da shaida a coci. Kukan dai na yi shi a hanya. Amma abin da ya fara zuwa mini a kan bencin nan, kafin kunya, kafin godiya, shi ne tsohon ciwon nan nawa. Na ce a raina, kai, ko a nan ma ya fi ni. Na ƙwace masa kwas, na ƙwace masa igiya, na ƙwace masa suna, ashe duk shekarun nan kyauta yake ba ni ina tsammani dabarata ce.

Mahaifiyarku ta riga mu duka tafiya ba ta ji wannan daga bakina ba, ko da yake ina zargin ba ta buƙaci ji ba. Ku kuwa ga abin da nake so. Markus, ka ɗauki wannan rubutun da nake yi muku ka kai wa ɗan kawunka da hannunka, ka tsaya har ya gama karantawa. Nozul ɗin ubansa daidai yake, bai taɓa kuskure ko na gashin kai ba, bakin jirgin ne aka toshe, kuma ni ne mai bakin. Takardar da ke bango ku sauke ta, ku yi yadda kuka ga dama da ita. Hoton kuwa ku bar shi inda yake, ku ci gaba da nuna wa jikokina hannun rigar. In sun tambaya me ya sa ya yi wa Kaka tsawo, ku gaya musu Mama Saratu ba ta taɓa kuskuren awo ba. Ba ni ta auna ba.